Mai shagon maganin gona da ya ƙi sayar min da magani

Jama'ar Dutse da Kiyawa masu dabino, ga abin da ya faru dani a wani shagon maganin gona a kasuwar Shuwarin. Dabinon mahaifinmu ne, mace, tun muna yara muke cin ta, bana kawai sai na ga wani baƙin ruwa na tsiyayowa daga gangar jikinta ta sama, daidai inda muka sassare zarba da damina, ga wani wari kamar na kunun da ya kwana ya yi tsami. Na danna wurin da bakin adda sai ta nutse kamar cikin kabewa, alhali ganyen saman nan kore shar, shi ya sa ma na ɗauka gara ce.

Na je da kuɗina a hannu nace Baba a bani maganin gara mai ƙarfi. Dattijon ya karɓi wayata ya daɗe yana duba hoton, ya tambayi wajen warin, sannan yace ɗana mayar da kuɗinka aljihu, wannan funfuna ce mai shiga ta sabon rauni ta cinye cikin itacen, in ruɓar ta kai haka babu feshin da zai dawo da ita, kuma a hana yara zama ƙarƙashinta don kan yana iya karyewa ya faɗo ba shiri. Wlh raina ya ɓaci sosai, na so ace ya bani ko da na kwantar da hankali ne.

Abin da ya sayar min ɗan ƙullin gari ne mai launin kore-kore, mai sinadarin jan ƙarfe, na damawa a shafa a duk inda aka yanka a sauran bishiyoyin, musamman in an cire ƴaƴan gindi za a dasa. Yace adda da barandami a riƙa tsoma su a ruwan bilic kafin a koma wata bishiyar, kuma mu daina sara kusa da jiki, mu daina taɓa ɗanyar zarba sai wadda ta bushe. Wadda ta kamu kuwa a sare, a ƙone ruɓaɓɓen. In muna son ƙarin bayani ko irin dasawa yace mu leƙa tashar binciken dabino ta NIFOR da ke Dutse.

Inda ban ji daɗi ba, takardar maganin duk turanci ce da ƙananan rubutu, awon ma da baki ya faɗa min sai da na dawo washegari na sake tambaya, kuma shagon ya cika matsi, jarkoki har bakin ƙofa. Amma zan koma, taki ma can zan saya. Ranar da muka sare ta cikin duk ya zama baƙi yana ɓarɓashi a hannu, Inna bata fito tsakar gida ba sai da aka kwashe.