Magungunan ciwo ukku da na sha bayan an cire min madaciya

Salam 'yan uwa. Sati ukku kenan da aka cire min madaciya saboda tsakuwa, irin aikin nan na kamara da ake huda ciki wuri huɗu, kuma tun da na dawo gida Maradi duk wanda ya zo dubiya sai ya ce Hajiya ai tramol za ki sha shi ne mai ƙarfi. To na sha, likita ne ma ya rubuta min a ordonansi, 50 mg in ciwo ya tsananta. Gaskiya yana kwantar da ciwo amma wallahi ni ban ji daɗinshi ba, jiri ya kama ni ina zaune bisa tabarma ɗaki na juyawa, ga tashin zuciya, kuma ku tuna cikin da aka huda ne, yunƙurin amai kawai sai na riƙe bandejin da hannu biyu ina salati. Ga shi ya ɗaure min ciki kwana biyu ban zaga ba. Sau ukku na sha na aje.

Wanda ya riƙe ni shi ne parasetamol, Doliprane 1000 ɗin nan da muke rainawa, duk awa 6, kar a wuce giram 4 a yini don yana taɓa hanta. Sirrin shi ne shan shi kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba, ɗiyata ce ta sa min alam a waya har na tsakar dare. Sai ibuprofen 400 da likita ya haɗa min da shi, bayan na sha kunu ko koko, ba a shan shi da yunwa. Su biyun tare sun fi min tramol nesa ba kusa ba, kaina garau har ina iya sallah a zaune. Amma mai olsa ko ciwon ƙoda don Allah ya gaya ma likita kafin ya taɓa ibuprofen.

Ciwon kafaɗar dama kuwa ya ban tsoro, ashe iskar da ake hura ma ciki lokacin aiki ce, babu ƙwayar da ta yi mishi sosai, zagayen tsakar gida a hankali ne ya sauke shi cikin kwana ukku.

Duka a farmasi muka saya, masu tallan magani cikin rana ban yarda an sayo min ko ƙwaya guda wurinsu ba. Jibi in sha Allahu zan koma a duba wurin ɗinkin.