Kwas ɗin Security+ da na saya: komai lafiya sai da muka zo kutsen SQL

Taurari uku na yi niyyar ba kwas ɗin nan, na sauko biyu, yanzu ma ina ta kai-kawo a tsakani. Masu shirin Security+, jarrabawar samun shaidar ƙwarewa a tsaron kwamfuta, sun san irinsa: darussan bidiyo da ake saukewa, zama kai tsaye ranar Asabar bayan isha'i, zauren WhatsApp na ɗalibai, sai kundin tambayoyin gwaji. Kuɗinsa ba sai na faɗa ba, kuma ban da kuɗin shiga jarrabawar kanta, wanda dala ce zalla. Ba zan kama sunan mai kwas ba.

Babin ɓoye saƙo da na lambobin ƙofofin sadarwa ba laifi. Malamin yana da baki, yana cakuɗa Hausa da Turanci yadda abu zai shiga, bidiyon kuma ba ya shanye data. Iyakar yabon da zan yi a nan ke nan, don abin da ya sa na zauna rubutun nan daban ne.

Da muka iso harin da ake kai wa rumbun bayanai ta shafin intanet, ya fara da kyau ƙwarai. Ya nuna akwatin shiga, ya nuna yadda manhaja ke ɗaukar abin da mutum ya rubuta ta manna shi cikin umarnin SQL, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, sannan ya rubuta ' OR '1'='1 a gurbin suna, ƙofa ta buɗe ba kalmar sirri. Ɗalibai sai salati ake. Har ya kawo tarihi, cewa tun 1998 aka bayyana wannan dabara a mujallar Phrack, kuma gaskiya ne. Sai aka zo kan magani. Ya ce abu biyu ne: a bi da duk abin da mai amfani ya rubuta ta mysqli_real_escape_string, mai tsefe alamomi irin ' don kada rumbu ya ɗauke su a matsayin umarni, sannan a yi jerin kalmomin da aka haramta, irin su SELECT da UNION da DROP, ita kuma alamar ' a hana ta shiga kwata-kwata. Ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan, kun rufe ƙofa." Ya wuce babi na gaba.

To, shi da kansa ya sa muka girka DVWA, manhajar nan da aka gina da gangan cike da ramuka don koyo. Tana da matakan tsaro huɗu, kuma mataki na biyu rabin farko na maganin malam, wato tsefe alamomi, yake amfani da shi. A nan babu akwatin rubutu, jerin lambobi ne kake zaɓa daga 1 zuwa 5. Na kunna Burp Suite, manhajar tare saƙon da burauza ke turawa, na tare buƙatar kafin ta isa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, inda aka rubuta id=1 na mai da shi id=1 OR 1=1, na sake ta. Duka mutum biyar ɗin da ke cikin rumbun suka zubo a allo, admin ne a sama. Na ƙara UNION SELECT user, password FROM users, sai ga kalmomin sirri a jere, an niƙe su da MD5, dabarar mai da kalmar sirri jerin haruffa da lambobi, na admin ya fara da 5f4dcc3b, wanda duk mai ɗan sani ya san kalmar password ce. Ban taɓa alamar ' ko sau ɗaya ba. Dalili a fili yake: gurbin lamba ne, umarnin bai sa shi cikin alamar magana ba, don haka aikin tsefe alamomi bai sami abin tsefewa ba.

Na ɗauki hoton allo na tura zaure cikin ladabi. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na gwada maganin da aka ba mu a mataki na biyu, amma ya wuce. Ko akwai ƙarin bayani?" Amsar da ta dawo ita ce ta ɓata min rai har yau: "Malam, wannan zurfin na masu jarrabawar kutse ta CEH ne, ba ya fitowa a jarrabawarmu. Kada ka rikita mana ɗalibai." Kafin gari ya waye an goge hoton, an kuma mai da zauren sai masu kula kaɗai ke iya magana. Wani ɗalibi ya biyo ni ta gefe yana cewa, "Yaya, don Allah turo min hoton nan, ni ma shafin shagonmu haka aka rubuta shi."

Abin haushin, amsar tana nan cikin DVWA ɗin, latsa maɓallin duba lambar manhaja kawai za ka yi a mataki na huɗu. Can za ka ga prepare, ka ga bindParam, ka ga execute. Wato ana tura wa rumbun ƙirar umarnin tukuna da gurbi a buɗe, ya gama fahimtar abin da ake so ya yi, sannan a miƙa masa abin da mutum ya rubuta daban a matsayin bayani kawai. Kamar takardar cire kuɗi ce a banki: in ka rubuta "a ba ni duk abin da ke cikin asusu" a layin suna, mai biyan kuɗi zai ɗauka sunanka ke nan, ya duba bai same shi ba, ya dawo maka da takardarka. Wannan shiryayyen umarni mai gurbi shi ne maganin farko da OWASP, ƙungiyar da ke fitar da jagorar tsaron manhajojin intanet, ke bayarwa, tsefe alamomi kuwa a ƙarshen jeri suka sa shi tare da gargaɗin kada a dogara da shi. A kwas ɗin da na biya kuɗi, ko sau ɗaya ba a rubuta shi a allo ba.

Jerin haramtattun kalmomi kuwa wasan yara ne. In matatar tana bambanta manya da ƙananan haruffa, SeLeCt ya wuce. In gogewa take yi sau ɗaya, ka rubuta SELSELECTECT, ta cire na tsakiya ta bar maka cikakke. Amma hana alamar ' ya fi ba ni mamaki daga bakin Bahaushe. Ina za ka kai A'isha da Sa'idu da Isma'il da Sa'adatu? Ina 'Yar'adua, mai ɗauke da biyu? Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin makaranta ko na neman aiki a intanet aka ce masa sunansa ba daidai ba ne, to irin wannan karatun mai ginin shafin ya sha. Da shiryayyen umarni, A'isha za ta shiga rumbu da alamarta ta fito da ita lafiya lau.

Kuma ba a nan maganar ta tsaya ba, akwai abubuwan da ya kamata malami ya tsaya a kansu. Gurbi ba ya karɓar sunan tebur ko na ginshiƙin tebur (column), don haka in shafinka yana barin mutum ya zaɓi yadda za a jera sakamako da ORDER BY, dole ka riƙe ɗan jerin sunayen da ka yarda da su, abin da ba ya ciki ka ƙi. Akwai harin da ke kwana: an adana mugun rubutu lafiya yau, gobe wani sashen manhajar ya ɗauko shi daga rumbu ya manna cikin sabon umarni don ya ɗauka na gida ne. Akwai batun iko: a duk misalan kwas ɗin, manhaja da asusun root mai cikakken iko take shiga rumbu, alhali shafin da aikinsa karanta farashi ne bai da dalilin samun ikon goge tebur. Akwai ɓoye saƙon kuskure daga idon baƙo. Katangar tace buƙatu irin ModSecurity tana da amfani, amma ƙari ce a kan gyara, ba madadinsa ba.

Malam ya ce wannan ba ya fitowa a jarrabawa. Cusa umarni, wanda kutsen SQL ke cikinsa, shi ne na ɗaya a jerin haɗurra goma na OWASP a 2010 da 2013 da 2017, a na 2021 ya koma na uku. Ta wannan hanya aka shiga Heartland, kamfanin biyan kuɗi ta kati, a Amurka a 2008, aka kwashi bayanan kati wajen miliyan 130. Ta nan aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila a 2015, bayanan mutum kusan 157,000 suka fita, hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000. A 2023 ma ramin manhajar tura fayil ta MOVEit da gungun 'yan kutse na Cl0p suka bi, kutsen SQL ne.

Adalci dai, da na huce na buɗe kundin tambayoyin gwaji, sai na ji kunyar taurari biyun da na yanke. Kundin yana da kyau, wallahi. An tsara shi kamar jarrabawar Security+ ta gaske (SY0-701), tambaya 90 cikin minti 90, ana neman maki 750 cikin 900, agogo na tafiya a gefe. Ya koya min karanta rajistar sabar: in ga %27 in san alamar ' ce aka lulluɓe, in ga SLEEP(5) in gane maharin ba ya ganin sakamako, jinkirin amsa yake aunawa. Bayanin da ke ƙarƙashin kowace tambaya gajere ne mai ma'ana. Don kundin kaɗai da na ba da huɗu ban yi da-na-sani ba.

Sai ga wata tambaya a ciki: an nuna layin rajista mai OR 1=1, aka ce wace hanya ce ta fi dacewa a hana faruwar haka. Amsar da kundin ya yarda da ita, shiryayyen umarni tare da tantance abin da aka shigar. Toshe kalmomi yana cikin amsoshin da ya kira kuskure. Wato ɗalibin da ya riƙe bidiyon malam da kyau, kundin malam zai kayar da shi, a kan abin da aka ce min ba ya fitowa. Nan raina ya sake tashi, na tuno sauran abubuwan da na haɗiye. Hotunan darasi har yanzu mysql_query suke nunawa, abin da aka cire daga PHP, harshen gina shafin intanet, tun fitowar PHP 7 a 2015. A wani zaman Asabar kuma ya nemo shafin wata makaranta ta Google, ya ɗiga alamar ' a adireshinsa a gaban ɗalibai don mu ga saƙon kuskure, yana dariya. Ba shafinsa ba ne, ba wanda ya ba shi izini, kuma dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta hana shiga kwamfutar wani ba izini. Yara 'yan shekara ashirin suna kallo, washegari me kake tsammani za su yi?

Giɓin da aka bari na cike shi ne a Web Security Academy na PortSwigger, kyauta, da ɗakunan gwaji da aka halatta maka ka fasa. Na rubuta wa masu kwas ɗin na ce ko su gyara bidiyon, ko su mayar min da wani abu. Aka ce an miƙa wa malam. Na tambaya ko suna sayar da kundin tambayoyin shi kaɗai don in gaya wa abokai, aka ce sai dai a haɗe. In dole sai ka saya, saya don kundin, ka tsallake bidiyon babin nan gaba ɗaya. Na leƙa kafin in fara rubutun nan, bidiyon yana nan yadda yake, zauren ma har yanzu a kulle. Taurari biyu da rabi.