pip ko uv: wanne ke nuna maka inda rikicin yake?

Wa alaikumus salam ƙanena. Kan tambayarka ta pip da uv, kayan aikin da ke sauke wa masu rubuta shiri da harshen Python manhajojin da aikinsu ke buƙata, wanne saƙonsa ya fi fahimtuwa idan manhajoji sun ƙi zama inuwa ɗaya: ɗauki uv.

Lokacin noman rani ina gida a ƙauyenmu kusa da Kura, ina haɗa wata 'yar manhaja da za ta gane cutar ganyen tumatir daga hoto. Babu wuta, ina zaune a shagon caji kwamfutata na jone da sola, data kuma ta kusa ƙarewa. Na nemi manhajar koyar da kwamfuta ta TensorFlow 2.16 tare da manhajar lissafi ta NumPy 2.0, wanda ya fito a watan Yunin 2024. Kafin mai shayi ya miƙo min kofi, uv ya amsa. Ma'anar abin da ya rubuta ita ce: tun da wannan TensorFlow ɗin ba ya karɓar NumPy sai wanda bai kai 2 ba, kai kuma ka ce sai 2, to buƙatunka ba za su haɗu ba. Wallahi sai na ji kamar dattijo ne ke raba gardamar iyakar gona, yana nuna maka turke ɗaya bayan ɗaya. Na sauko da NumPy zuwa 1.26, aiki ya tashi kafin la'asar.

Ba sa'a ba ce. uv, wanda kamfanin Astral ya fitar a farkon 2024, yana aiki da dabarar PubGrub da Natalie Weizenbaum ta ƙirƙiro wa harshen rubuta manhaja na Dart a 2018. Dabarar tana riƙe dalilin kowane karo da ta ci, shi ya sa take iya jero maka silsilar daga tushe, ko da mai laifin yana can ƙasa, manhajar da wata manhajar ta jawo ba da saninka ba.

pip kuwa ba laifi. Tun sigar 20.3 ta ƙarshen 2020 yana rubuta ResolutionImpossible, wato ba za a iya haɗa su ba, ya lissafo waɗanda suka yi karo, amma wani lokacin sai ya daɗe yana gwada tsofaffin sigogi, sauran binciken kuma naka ne.

Wani abin da ba ka tambaya ba: duka biyun kyauta ne. Wani zai iya zuba su a filashi ya ce sai ka biya kuɗin lasisi, wataƙila ma da bairos a ciki. Kada ka ba kowa ko sisi. Sannan ka duba harafin sunan manhaja da kyau kafin ka sauke daga PyPI, rumbun manhajojin Python na intanet, domin 'yan damfara na sa na bogi mai kama da na gaske.

Ka rubuta pip install uv sau ɗaya, daga nan ka riƙa sa uv a gaban umarnin da ka saba. Idan ya ƙi, ɗauki hoton saƙon ka turo mu duba tare.