Sharhi: famfon zuƙar iska na hannu da aikinsa a kan bawul ɗin EGR na Toyota Celica GT

Kayan aikin da nake magana a kai ƙaramin famfo ne mai mariƙi da ake matsawa da hannu, da geji a kansa mai nuna ƙarfin zuƙa daga 0 zuwa 30 a ma'aunin incin zaiba. Yana zuwa cikin akwati tare da tiyo, da kawunan roba iri-iri, da ɗan kofi na cire iskar birki. Na yi aiki da shi a kan Celica GT samfurin 1996, mai inji 5S-FE lita 2.2, wadda wutar gargaɗin injinta ke kamawa da lambar P0401. Ra'ayina shi ne ya cancanci kuɗinsa ga duk mai taɓa tsofaffin motocin da zuƙar iska ke buɗe EGR ɗinsu, domin yakan hana a sayi bawul sabo alhali tsohon lafiyarsa ƙalau. Yana da inda ya gaza, zan zo kansa.

Aikin EGR shi ne ya ɗebi kaɗan daga hayaƙin salansa ya mayar cikin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin silinda. Hayaƙin da ya riga ya ƙone ba ya sake ƙonewa, saboda haka yana rage zafin wutar da ke cikin silinda, kada ta haura wajen digiri 1,370 a ma'aunin Celsius, inda iskar NOx mai gurɓata yanayi ke yawaita. Bawul ɗin ba ya buɗewa a silo, ba ya buɗewa in injin na sanyi, haka kuma in an taka totur har ƙasa. Sai a matsakaicin gudu. Daga nan ake gane alamun ɓacinsa. In ya maƙale a buɗe, silo zai yi ta rawa, motar ta riƙa mutuwa a danja. In kuwa hayaƙin ba ya isa, silo zai zauna daram, sai dai a ji ƙarar ƙyas-ƙyas daga injin lokacin hawan tudu ko a tsakar rana, wutar kuma ta kama. P0401 tana nufin na biyun: hayaƙin da ke wucewa bai kai yadda ake so ba. Lambar ba ta ce bawul ne ya lalace ba, kuma a nan ne kuɗin mutane da yawa ke salwanta. Samfuran da suka girmi 1996 ba su da wannan lambar. A can ana haɗa ramukan da aka rubuta wa TE1 da E1 da ɗan waya a soket ɗin gwaji da ke ɗakin inji, wutar ta yi ƙyafta bakwai sannan ɗaya, wato lamba 71.

A wannan injin abubuwa huɗu ne a jere kafin bawul ya motsa. Zuƙa tana fitowa daga ƙananan ramuka biyu a jikin maƙogwaron totur, ta shiga modileta, wani ɗan faifan baƙar roba mai bakuna uku da aka rubuta wa P, Q da R. Daga Q ta wuce ta VSV, makunnin lantarki da ƙwaƙwalwar motar ke sarrafawa, sannan ta isa kan bawul. Ko ɗaya ya samu matsala, lambar ɗaya ce. Famfon yana ba ka damar gwada kowanne shi kaɗai.

Gwajin farko shi ne wanda ya fi gamsar da ni, kuma bai cin minti biyu. A bar injin ya yi zafi sosai yana silo, a zare tiyon da ke kan bawul, a soka na famfon, a matsa a hankali har allurar ta kai inci 5 zuwa 8. Babu buƙatar wuce haka. Fatar robar da ke cikin bawul ɗin ta tsufa, kada a gwada ƙarfinta. Abu uku ne zai iya faruwa. In injin ya yi gargada ko ya mutu nan take, to bawul na buɗewa kuma hanyar hayaƙi a buɗe take, sai a daina zarginsa a koma baya. In allurar ta hau amma ta dinga zamewa ƙasa cikin daƙiƙa 30, fatar ta huje, wannan kam sai canji. In allurar ta tsaya cak amma injin ko gezau, to ko sandar bawul ta maƙale da baƙin gawayi, ko hanyar da ke shiga manifol ta toshe. Akwai kuma na tsakiya wanda ke yaudara: injin ya ɗan canja murya amma bai yi niyyar mutuwa ba. Wannan hanya ce da ta toshe rabi, kuma ta isa ta kunna wuta. A motar da na gwada, injin ya mutu tun allurar ba ta kai 6 ba, wato bawul ya fita daga zargi.

Masu tsotsar tiyo da baki za su ce ai suna yin wannan gwajin ba tare da famfo ba. Gaskiya ne baki na iya buɗe bawul. Abin da baki ba zai iya ba shi ne ya riƙe zuƙa a wuri ɗaya ya nuna ko tana zuba.

Gwaji na biyu, famfon ya zama geji kawai. A sa mahaɗa mai baki uku a tiyon da ke tsakanin VSV da bawul, a haɗa TE1 da E1, a ɗaga injin zuwa juyi 2,500 a minti. Injin na sanyi, allurar ta zauna a sifiri. Injin ya yi zafi, ta ɗan ɗaga. Sannan a zare tiyon R na modileta a haɗa bakin kai tsaye da zuƙar manifol da wani tiyo. A 2,500 allurar za ta tashi sama sosai, injin ya ɗan yi tuntuɓe saboda hayaƙi ya yi yawa. In duk wannan ba a ga komai ba, zuƙar tana ɓacewa a hanya, sai a bi ta mataki-mataki.

Modileta ya fi kowanne sauƙi. A ɓalle murfinsa a duba matatar da ke ciki. In ta yi baƙi ƙirin da toka, fatar cikinsa ta fashe, hayaƙi na ratsawa. A toshe P da R da yatsu a hura iska ta Q: injin a kashe, iskar ta fita ta matata ba wahala, injin a 2,500, a ji ta cije. In ba ta cije ba, kafin a yanke masa hukunci a duba tiyo mai kauri da ke ƙarƙashinsa. Ta nan matsin hayaƙi ke turo fatar sama ta rufe ramin iska, kuma ɗan ramin da ke ciyar da wannan tiyon a gindin bawul yana yawan toshewa. Modileta lafiyayye ba zai yi aiki ba in ramin nan a toshe yake, kuma an sha canja shi a banza saboda haka. Siririyar waya da feshin wanke kabureta sun isa. Haka ma ramukan jikin totur: a sa gejin a kansu, a ɗan buɗe totur, a ga ko allura na motsi.

VSV ne ciwon kai, ba don gwajinsa na da wuya ba sai don inda aka ɓoye shi, can ƙarƙashin manifol ta bayan inji, inda sai an shiga ta ƙasan mota hannu ke isa. A nan dogon tiyon famfon ya yi rana, domin ana iya gwada shi daga sama ta bakin tiyoyinsa biyu ba tare da an kwance shi ba. Ba wuta, iska na wucewa daga wannan baki zuwa wancan. An ba shi volt 12 daga batir, ya yi ƙas ya karkatar da ita zuwa matatarsa. Da mitar auna lantarki kuma, tsakanin ƙafafunsa biyu a samu ohm 33 zuwa 39 yana sanyi. To amma ga inda famfon ba zai cece ka ba. VSV da ya fara mutuwa yakan ci duk wannan jarrabawar da safe, ya gaza bayan rabin awa a kan titi, lokacin da zafin inji ya ratsa naɗin wayar cikinsa. Hanyar kama shi ita ce a maimaita gwajin da zarar an dawo daga tafiya, ko a bar gejin a haɗe, a ratso tiyon ta gefen bonet zuwa gilashin gaba, wani na tuƙi wani na kallon allura. A motar nan, VSV ne, kuma ta wannan hanyar ya tonu. Wanda ya dogara da gwajin sanyi kaɗai zai ce komai lafiya ya rasa inda zai nufa.

Game da kayan kansa: jikin roba ne, mara nauyi, matsi biyu ko uku sun kai shi inci 10, kuma kunamar sakin iska tana wurin da yatsa ke isa. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne gejin. An baje shi har 30, alhali aikin EGR kusan duka a ƙasa da 10 yake, don haka bambancin inci 1 da 2 sai an ƙura ido. Kawunan da ke cikin akwatin ma yawancinsu sun yi wa tiyon Toyota girma, wanda faɗin cikinsa wajen milimita 3.5 ne; in aka tilasta, tsohon tiyo zai tsage a baki, a ƙara wa motar sabuwar matsala. Gara a sayi ƙaramar mahaɗa da mita biyu na sabon tiyo tun farko. Kafin kowane aiki a toshe bakin famfon da yatsa a matsa, a tabbatar shi kansa ba ya zuba. Kada a bar man birki ko feshin kabureta ya shiga cikinsa, suna cin robobin ciki. Mai auna zuƙar manifol da shi ya tuna cewa inji lafiyayye na ba da inci 17 zuwa 22 a silo a bakin teku, kuma adadin na raguwa da wajen inci 1 a kowace mita 300 ta tudu. Abin da za a gani a Jos zai gaza na Legas da kusan inci 4, ba kuma laifin injin ba ne.

In gwajin farko ya nuna toshewa, famfon ya gama nasa, sauran aikin hannu ne. A jiƙa notunan da man sassauta tsatsa tun dare, domin waɗanda ke ɓangaren bututun hayaƙi na karyewa. A kankare gawayin da ke bakin bawul da ramin manifol, a riƙe bawul ɗin yadda feshi ba zai gangara kan fatar roba ba, a sa sabon gasket. Tsohon gasket da aka mayar yakan ja iska ta gefe ya ɓata silo.

Injin 5S-FE shi ne a Camry mai silinda huɗu ta 1997 zuwa 2001 da ta cika titunanmu, da tsarin EGR kusan iri ɗaya, shi ya sa modileta da VSV ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka. A je da famfon da batir ɗin gwaji, a gwada kafin a biya, kuma a gwada soket da tsohon, don ba duka ne ke shiga juna ba. Dabarar nan ta toshe EGR da faranti ban goyi bayanta ba: ƙwaƙwalwar motar ta saita lokacin tartsatsi da zaton hayaƙi na shiga, in babu shi ƙarar ƙyas-ƙyas na ƙaruwa a zafin Afrilu, fistin ne ke shan dukan, wutar kuma ba za ta mutu ba. Bayan gyara a goge lambar, amma kada a yi saurin murna, domin P0401 sai ta ga matsalar a tafiya biyu a jere kafin ta kunna wuta. Motocin da EGR ɗinsu na lantarki ne zalla, irin Mazda MX-5 daga 1999, famfon nan ba shi da abin da zai buɗe a kan bawul ɗinsu. Can mita da na'urar karanta lamba ake buƙata.