Katin XT-CF a cikin IBM 5155: haɗa shi da hannu da ba shi wuta

Kwamfutar da na sayi wannan kati dominta ita ce IBM 5155, wadda kamfanin ya fitar a watan Fabrairun 1984 da sunan kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da yake nauyinta ya kai kilo 13.6, kuma wanda ya ɗauke ta da hannu ɗaya zai ɗauka keken ɗinki ne a cikin akwatinsa. Tana da gilashin kallo mai inci 9 da ke nuna rubutu da launin ruwan zuma, da ƙwaƙwalwar Intel 8088 mai gudun megahaz 4.77, da na'urori biyu na karanta faifan fulofi mai inci 5.25 wanda kowannensu ke ɗaukar kilobait 360 kacal. Ba a taɓa sayar da ita da babban faifan ajiya a cikinta ba. Duk abin da mutum zai yi, daga tayar da ita har zuwa adana wasiƙa, sai ya bi ta kan waɗannan faya-fayan, su kuwa shekaru arba'in sun cinye su, ga shi babu mai sayar da sababbi a kasuwannin da nake zuwa a Kano. Wannan ya sa na yi odar kayan haɗa katin XT-CF, wanda ake sakawa a gurbin ISA, wato ramin da ake soka ƙarin katuna a babban allon kwamfutar, domin ƙaramin katin ajiya na CompactFlash ya tsaya a matsayin babban faifai.

Tsarin katin a buɗe yake, kowa na iya buga allonsa ya sayar, saboda haka abin da nake bita a nan shi ne ƙunshin da wani ƙaramin mai sana'a ya aiko mini daga ƙasar waje, ba a haɗe ba. A cikin ambulan na tarar da allon da babu komai a kansa, da ai-si (ƙananan guntayen lantarki masu ƙafafu da yawa) guda biyu na 74LS688 masu tantance adireshi, wato lambar da kwamfuta ke kiran kati da ita, da ƙwaƙwalwar 28C64 mai kilobait 8 wadda ake zuba manhajar tayarwa a ciki, da wasu 'yan ƙananan ai-si, da kujerunsu, da makunnan zaɓen adireshi, da kafasitoci, da gidan katin CompactFlash, da ƙarfen da ake ɗaure katin da shi a jikin kwamfuta. Babu abin da ya ɓace, kuma ingancin allon ya gamsar da ni: haƙoransa 62 da ke shiga gurbi suna da ruwan zinariya, an goge bakinsu yadda ba za su ji wa gurbin ciwo ba, kuma an rubuta sunan kowane abu a wurin da zai zauna.

Yawancin aikin liƙi da dalma mai sauƙi ne, domin ƙafafun kayan suna ratsa rami ne su fito ta baya, kuma wanda ya taɓa gyaran rediyo zai gama da su cikin yamma ɗaya. Gidan CompactFlash ne ya bambanta. Ƙafafunsa 50 suna kwanciya ne a saman allo, tazarar da ke tsakanin kowace biyu ba ta kai milimita ɗaya ba, ɗigon dalma kaɗan ya isa ya haɗe biyu ko uku ba tare da ido ya gani ba. Na gwada gefe ɗaya, na ga hannuna ba zai kai ba, sai na ɗauki allon zuwa kasuwar Farm Centre wurin wani mai gyaran waya, wanda ya saba da ƙafafun da suka fi waɗannan ƙanƙanta. Ya shafa man liƙi, ya ja bakin ƙarfensa sau ɗaya a kowane layi, ya duba da madubin ƙara girma, ya miƙo mini. Shawarata ita ce a fara da wannan gida kafin a ɗora komai a kan allon, saboda da zarar kujerun ai-si sun zauna, sarari yana ƙurewa. Takardar da ta zo cikin ƙunshin ba ta faɗi haka ba, kuma ya kamata ta faɗa a layin farko.

Babban abin da nake son mai karatu ya riƙe game da wannan kati ya shafi wuta ne. Katin ba shi da wata waya ta daban, daga gurbin ISA yake shan abincinsa. Gurbin yana ɗauke da layuka huɗu: bolt 5 da bolt 12 na sama da sifili, da bolt 5 da bolt 12 na ƙasa da sifili. A cikinsu katin XT-CF bolt 5 na sama kawai yake buƙata, wanda ke zuwa ta haƙoran da ake kira B3 da B29, ƙasa kuma, wato layin da wuta ke komawa ta kansa, tana kan B1 da B10 da B31. Abin da yake ja ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta shi da tsofaffin manyan faya-fayai na wancan zamani, irin da ake kira MFM, waɗanda injinsu ke fizgar layin bolt 12 da ƙarfi a lokacin da suke fara juyawa. Akwatin wutar IBM 5155 mai wat 114 ne, kuma shi ne ke ciyar da komai na cikin kwamfutar, don haka rashin ƙara masa nauyin wani inji babbar riba ce ga na'urar da ta kai wannan shekaru. Ta wannan fuska katin ya cancanci yabo ba tare da wani sharaɗi ba.

Sai dai sauƙin abin da katin ke ja bai cire wa mai haɗa shi nauyin bincike ba. Kafin na saka ko ai-si ɗaya a kujerarsa, na ɗora mita tsakanin B3 da B1 domin in tabbatar babu inda wuta da ƙasa suka haɗe, kuma na sake yin haka bayan an liƙa gidan CompactFlash, domin a nan ne haɗewar ta fi faruwa. Bayan haka na koma kan kwamfutar kanta. Allunan wancan zamani cike suke da kafasitocin tantalam, waɗanda idan sun tsufa sukan haɗe a cikinsu, musamman waɗanda ke kan layukan bolt 12, wani lokaci su fashe da ƙara da hayaƙi, wani lokaci kuma akwatin wuta ya kashe kansa da kansa, fanka ta motsa kaɗan ta tsaya. Wanda bai san wannan ba, idan ya saka sabon kati kwamfuta ta ƙi tashi, katin zai zarga, alhali cutar ta riga shi shiga gida. Na cire duk katunan, na auna kowane layi da ƙasa, sannan na kunna na ga bolt 5 yana zaune tsakanin 4.75 da 5.25, iyakar da ai-si na jinsin 74LS ke aminta da ita. Duk wannan aiki ana yinsa ne kusa da gilashin kallon da ke riƙe wuta mai ƙarfin gaske ko bayan an kashe, saboda haka hannu bai kamata ya kusanci wancan ɓangaren ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Akwatin wutar yana da makunnin zaɓe tsakanin wutar Amurka da wutar irin tamu mai bolt 230, kuma kwamfutar da ta shigo daga can tana iya zuwa a saite a kan ta Amurka, wadda ba ta kai tamu ƙarfi ba. Duba wannan makunni bai ɗauki minti ɗaya ba, amma mantawa da shi yana iya kawo ƙarshen akwatin wutar da samun madadinsa ke da wuya ƙwarai. Ni ba na kunna ta a kan janareta, kuma ko a wutar gari sai ta bayan sitabilaiza. Babu ko kalma ɗaya a kan batun wuta cikin takardar mai sayarwa, kuma wannan shi ne babban ƙorafina a kansa, tun da ya san a jikin tsofaffin na'urori za a saka abin da yake sayarwa.

Game da gurbi, IBM 5155 tana amfani da babban allon IBM XT mai gurabe takwas, amma na'urorin fulofi sun tokare mafi yawansu, sai gajeren kati ne ke shiga. Katin XT-CF gajere ne, ya zauna ba tare da ya taɓa komai ba. A kauce wa gurbi na takwas, domin yana buƙatar wata siginar musamman da yawancin katuna ba sa bayarwa. Na bar adireshin shiga da fita a kan 300h, na ƙwaƙwalwar tayarwa kuma a kan D000h. Wanda ke da katin sadarwa a cikin kwamfutarsa ya lura, da yawa daga cikinsu a 300h suke zama, kuma biyu ba sa raba adireshi ɗaya.

Manhajar da ke tafiyar da katin ita ce XTIDE Universal BIOS, kuma ana zuba ta ne da shirin XTIDECFG daga faifan fulofi. A nan akwai tarko ɗaya: akwai nau'in da aka gina domin 8088, akwai kuma wanda ke amfani da ƙarin umarnin wata ƙwaƙwalwa mai suna NEC V20, kuma idan aka zuba na biyun a kwamfutar da ke da 8088 za ta maƙale tun kafin ta kai ga DOS, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Da na zuba wanda ya dace na sake kunnawa, sunan katin CompactFlash ya fito a saman gilashin da wannan launi na ruwan zuma, kuma na daɗe ina kallonsa kafin in taɓa komai.

Da DOS 3.3 kowane kashi na faifai ba ya wuce megabait 32, da MS-DOS 5.0 kuwa ana iya kaiwa gigabait 2. Na gwada babban kashi na ga bai dace ba, domin a karon farko da aka nemi jerin fayiloli, 8088 takan ɗauki lokaci mai tsawo tana lissafin sararin da ya rage. Megabait 32 daidai yake da abin da faifan fulofi kusan 90 ke ɗauka, kuma ya fi ƙarfin duk manhajojin da nake da su. Katin CompactFlash na farko da na saka ya ƙi tayar da kwamfutar har sai da na sake rubuta farkon faifan da umarnin FDISK /MBR, daga nan bai sake ba ni matsala ba.

Zan ba da shawarar wannan ƙunshi ga wanda ke da mita, ya iya karanta ta, kuma yake da mai gyaran waya da ya yarda da hannunsa. Wanda bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba gara ya nemi katin da aka riga aka haɗa aka gwada, ko da ya fi tsada, amma shi ma sai ya auna layukan wutar kwamfutarsa kafin ya saka shi. Tawa yanzu tana tashi daga katin ba tare da ƙarar juyawar faifai ba, kuma idan ina son kwashe fayil zuwa kwamfutar zamani, sai in kashe ta, in zare katin ta baya, in saka shi a na'urar karanta kati ta USB.