Sharhi kan HEC-HMS wajen lissafin ruwan da ake karkatarwa daga kogi

HEC-HMS manhaja ce ta sashen injiniyoyin sojojin Amurka, kyauta ake sauke ta, kuma a fannin kwaikwayon yadda ruwan sama ke zama ambaliya ba ta da laifi. Inda ta fi buƙatar natsuwa shi ne wurin da mutane suka tare kogi suka ja ruwa zuwa kanal, ko gonaki, ko bututun birni.

A cikin manhajar akwai sashe na musamman mai suna Diversion, wato karkatar da ruwa. Ruwa yana shiga ta ƙofa ɗaya, ya fita ta biyu: wanda ya ci gaba da bin kogi, da wanda aka ɗiba. Hanyoyin lissafin guda biyar ne: adadi tsayayye, jadawalin shiga da ɗiba, shingen gefe da ruwa ke tsallakewa, tashar famfo, sai kuma jerin awon da aka ɗauka a bakin kanal. Ana iya sa iyaka ga gudun ruwan da kuma jimillar abin da za a ɗiba.

Duk wanda ke da awo na gaske, ya yi amfani da shi kawai, babu wadda ta kai shi. In babu, jadawali ya fi sauƙin karewa a gaban mai duba aiki. A misali, kogi na kawo kubik mita 2 a daƙiƙa, ba a ɗibar komai; ya kai 5, a ɗibi 1.5; ya kai 20, a tsaya a 4 domin iyakar cikin kanal ke nan. A shimfiɗa jadawalin har ya zarce ambaliya mafi girma da ake tsammani. Shingen gefe yana da kyau ga aikin ambaliya, amma yana neman tsayin bakinsa, da tsawonsa, da alaƙar zurfin kogi da gudunsa, kuma kuskuren 'yan santimita a tsayin bakin yana sauya sakamako sosai.

Babban tarkon shi ne makomar ruwan da aka ɗiba. Idan ba a haɗa ƙofa ta biyu da wani sashe ba, ruwan ya fita daga lissafi ke nan. Alhali a fili wani kaso yana dawowa kogi ta magudanan gona da ta ƙarƙashin ƙasa, sau da yawa bayan makonni. Gyaran da ya fi aiki shi ne a bi da shi ta wani reshe mai asarar tsotsewar ƙasa, sannan a mayar da ragowar a mahaɗar da ke ƙasa da gonakin. Sai dai jinkirin da wannan dabara ke bayarwa bai kai na ainihin ruwan ƙasa ba, kuma manhajar ba ta yarda a mayar da ruwa wani sashe da ke sama ba.

Kada a raina ƙaramar ɗiba. Rabin kubik mita a daƙiƙa na kwana 120 ya haura kubik mita miliyan 5. Wanda ya manta da ita, lokacin daidaita samfuri (wato kwaikwayon kogin da aka gina a manhajar) da awon kogi zai ga ruwa ya yi yawa a rani, sai ya ƙara yawan abin da ƙasa ke shanyewa har layin samfuri da na awon kogi su haɗu. Hoton zai yi kyau, amma da damina ta zo samfurin zai rage girman ambaliya, domin an ɗora wa ƙasa aikin famfo. Shi ya sa ake shigar da ɗiba tun kafin a taɓa ko wane ma'aunin samfurin, a kuma duba daidaiton rani daban da na damina.

Abin da HEC-HMS ba ta iya ba shi ne rabon ruwa. Ba ta san buƙatar shuka ba, ba ta san wa ke da fifiko ba idan ruwa ya yi ƙaranci. Wanda ke sama shi ke fara sha. Ga irin wannan aiki manhajar WEAP ta Cibiyar Muhalli ta Stockholm ta fi dacewa, tunda tana jera masu buƙata bisa fifiko daga 1 zuwa 99. Manhajar SWAT kuma tana iya kwaikwayon ban ruwa da kanta idan shuka ta ji ƙishi. Ga kogi mai ɗiba biyu ko uku da aka san ƙa'idarsu, HEC-HMS ta wadatar.