Sensar zafin iskar da ke shiga injin mota: sabuwa, Beljiyam ko ta China?

Kafin ka ba kowa kuɗinka a fara sa wa motar kwamfuta tukuna. In ta fito da P0113, lambar da ke nuna matsala a layin sensar nan, kuma tana nuna zafin iska -40 alhali kai gumi kake a Kano, to sau da yawa ba sensar ce ta mutu ba, soket ne ya saki ko ɓera ya ci waya, mai rewaya zai gyara maka da kuɗi kaɗan. Wani lokacin ma ƙurar hunturu ce ta lulluɓe ta, feshin wanke sensa ya isa, amma don Allah ban da fetur ban da goga tsumma.

To in ta tabbata ta mutu fa? A Corolla da Camry da yawa sensar nan tana haɗe ne a cikin iyafulo, wato na'urar da ke auna yawan iskar da ke shiga inji, shi za ka saya gaba ɗaya. Ni dai Beljiyam nake so, wato ƙirar kamfanin Denso da aka ciro daga wata motar, don abu ne mai wuyar lalacewa kuma tun farko da shi motar ta zo. Ka duba lambar jikinsa, na Toyota da 22204 take farawa, sauran lambobin ma su yi daidai da na tsohon naka. Sabo orijina yana da kyau in aljihunka da nauyi. Na China kam ban ma tsaya bayani ba.

Inda ake cutar mutane shi ne kwali. Za a miƙo maka abu cikin kwali mai sheƙi an rubuta Denso, ciki jabu ne, roba sakayau ba nauyi, rubutun jiki in ka kankara da farce sai ya goge. Wasu kuma matacce suke wankewa su ce Beljiyam ne, wani yaron shago ma naka zai karɓa wai zai je ya gwada a baya, ya dawo maka da shi an fesa masa mai yana ƙyalli. Ko Ƙofar Ruwa za ka ko Panteka, ka sa wa tsohon naka alama da fenti, ka tafi da bakanikenka da mitar gwajin lantarki. In sensar tana da lafiya za ta ba da wajen kilo'om 2 zuwa 3 a digiri 20, ka hura mata iska mai ɗumi ka ga lambar tana sauka a hankali. In ta tsaya cak ko tana tsalle, ajiye masa kayansa.

Kuma ku yi magana tun kafin ka biya cewa in wutar cek injin ta dawo za a canja maka, a rubuta a rasit, alkawarin baka ba ya aiki ran da ka dawo.